Shekarar da Aum Bidha Ta Ajiye Kunya

In ka tambayi mutanen kwarinmu na Haa da ke zaune a Thimphu, babban birninmu, wace ce Aum Bidha, kafin su ba ka amsa sai sun taɓe baki. "Au, wannan tsohuwar marar kunya?" Abin da za ka ji ke nan. Ni kuwa da na san ta tun haƙoranta suna cike, cewa nake sharri suke yi mata. Shekara sittin da huɗu ta yi tana jin kunya kamar kowa, har kunyar ta kusa cinye mata ƙafafu. Sai a ta sittin da biyar ta ajiye ta.

A wani ƙauye can ƙarshen kwari aka haife ta, inda hanyar mota ba ta isa ba sai da furfura ta fara fito mata. Gidansu makiyayan yak ne, shanun nan na kan dutse masu gashi har ƙasa. In zafi ya shigo a kora su sama, tafiyar kwana uku, in sanyi ya kawo kai a gangaro da su. Tun tana 'yar shekara tara take bin garke da kwando a baya. A lokacin ba wanda ya taɓa jin ana cewa motsa jiki. Jikin da bai taɓa tsayawa ba, wane motsi kuma za a ƙara masa? Ci kuwa ba a magana. Jar shinkafa tuli guda, barkono da cuku, busasshen nama mai kitse, ga suja, shayin nan namu da ake kaɗawa da man shanu da gishiri, kofi goma a yini ba ya isar ta. Kafin rana ta faɗi dutse ya karɓe abinsa duka.

Tana da shekara ashirin ta auri Ap Dago, ya tare a gidansu kamar yadda aka saba. Gajeren mutum ne mai yawan surutu, kuma duk ƙauyen an san matarsa ta fi shi ƙafa. Kowace kaka sukan ɗauki man shanun farko su kai ƙaramin ɗakin ibadar da ke maƙale a saman dutsen da ke bayan ƙauye, su kunna fitila. Hawan awa huɗu ne. Bidha a awa uku take yin sa, ta zauna a bakin ƙofa tana tauna doma, irin goronmu, har bakinta ya yi jawur, tana kallonsa yana tahowa da haki.

"Ke wai 'yan fashi ne suka biyo ki?" in ji shi. "Ki jira mutum mana."

"Ai jiranka nake yi. A sama."

Ɗa ɗaya ne ya rayu musu, Chencho, wanda ta haifa a bukkar makiyaya ba ungozoma. Ya yi karatu, ya samu aikin gwamnati a Thimphu, ya auri wata yarinya mai hankali, Yangden.

Ciwon Ap Dago bai ja lokaci ba. Ana saura kwana biyu ya cika, ya riƙe mata gefen zani ya ce, "In na tafi, fitilata ke za ki kai can sama. Kar ki aiki kowa. Na san ki, ba za ki ma ji hawan ba." Ta ce masa ya yi shiru ya sha maganinsa. Amma ta ɗauki alkawarin, kuma shi ma ya san ta ɗauka.

Bayan an gama zaman makoki Chencho ya sayar da garke ya ɗauko uwarsa. Kowa ya yaba masa, ni ma na yaba. Ya sa ta a hawa na uku na wani dogon gida, ɗaki mai taga da katifa mai laushi da abin ɗumama ɗaki na lantarki. Kuma kada wani ya ce maka an wulakanta ta. Da wulakanci ne ai da sauƙi, da ta san da wa za ta yi faɗa. Gata ne ya yi mata yawa. Ta ɗauki tsintsiya, Yangden ta karɓe: "Ama, kin sha wahala ya isa haka." Ta ce za ta kasuwa, Chencho ya ce ta faɗi abin da take so a kawo mata. Ta miƙe ta ɗauko ruwa, kafin ta kai ƙofa an miƙo mata. Sai ta zauna, carbi a hannu, talabijin a gaba, filas ɗin suja a gefe. Cin makiyaya yana nan yadda yake, garken ne kawai babu.

Da shekara ta zagayo aka je ƙauye a mota. Ta fara hawan dutse da tulun man shanu a baya, ko rabi ba ta kai ba gwiwoyi suka ce ba da su ba. Dole aka ɗora ta a doki. Ta kunna fitilar, amma ba da ƙafarta ta kai ta ba. A shekara ta biyu ko ƙauyen ba ta iya zuwa ba. Chencho ya buga wa mai tsaron ɗakin ibada waya, zuwa azahar ya zo ya durƙusa a gabanta da fara'arsa yana nuna mata hoto.

"Ama, duba, an kunna. Ga ta nan tana ci."

Ta dubi 'yar fitilar da ke cikin gilashin waya, ta kau da kai. Ran nan ba ta ci abinci ba. Kunyar mijinta ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take.

Da sanyi ya shigo, wata safiya Yangden ta ji ƙauri. Ta leƙa kicin ba komai a wuta. Ta shigo ɗakin surukarta ta tarar da ita zaune tana jan carbi, ƙafarta jingine da abin ɗumama ɗaki, safa tana hayaƙi. Fatar ɗan yatsa har ta tashi, Bidha kuwa ko a jikinta.

A asibiti wata nas ce ta duba ta, gajeruwar mata 'yar gabas wadda ba ta tauna magana. Ta auna jini, ta tsira mata wani ɗan abu a tafin ƙafa tana tambaya, kin ji? Nan fa? Bidha tana girgiza kai.

"Sukari ne da hawan jini," in ji nas ɗin. "Ga magani, amma magani ba zai taka miki ƙasa ba. Ki rage suja, ki rage shinkafa, ki yi tafiya kullum. Ƙafar da aka daina takawa tun mai ita yana raye take mutuwa. Na ga waɗanda aka yanke wa, ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Chencho yana tsaye yana ji, yana ta gyaɗa kai. Bidha kuwa lissafi take yi. Saura wata tara mijinta ya cika shekara uku, kuma kowa ya san addu'ar shekara uku ita ce babba, daga ita an rufe. In ba ta kai fitilar nan da ƙafarta a wannan karon ba, alkawari ya karye ke nan har abada.

"'Yata, nan da wata tara zan iya hawan dutse na awa huɗu?"

"Ni ba mai duba ba ce, Ama. Ki fara da ƙofar gida mu gani."

Da ƙunar ta warke ta fara. Ta sauko matakalar gida tana dafa bango, ta nufi babban choten, hasumiyar nan da tsofaffi suke yini suna zagayawa. Daga gida tafiyar rabin awa ce ga mai lafiya. Ba ta yi taku ɗari biyu ba mota ta tsaya a gefenta. Ɗan wata ƙawarta ne daga Haa.

"Ama, ina zuwa a ƙafa? Shigo."

"A'a, na gode, tafiya nake so in yi."

"Haba Ama, shigo mana."

"A'a, ɗana, je ka abinka."

Ya fito ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Ta shiga.

To me za ta yi? Mu dai haka aka rene mu. In an miƙo maka abu ka ce a'a, a sake miƙowa ka rufe baki da hannu ka ce a'a, a karo na uku ka karɓa. Wanda ya karɓa a karon farko mayunwaci ne, wanda ya janye hannu don an ce masa a'a marowaci ne. Tarbiyya ce mai kyau, ban ce a'a ba. Sai dai a ƙasar da kowa yake cewa a'a don ladabi, ranar da mutum ya ce a'a da gaske ba mai yarda da shi. Bidha tana iya rantsuwa da duk abin da ta sani, sai a yi murmushi a ce kai, tsohuwar nan akwai kara.

A makon farko motoci tara ta shiga. Mutanen Haa kuwa kamar an zazzage su a Thimphu, kowace kwana akwai ɗan wani ko jikan wata. Wani ma tana fitowa ya tare ta, bai tsaya jin inda za ta ba, ya mayar da ita gida ya raka ta har hawa na uku yana jin ya samu lada. Duk gidan da aka biya da ita kuma sai an cika mata kofi. Ta ce likita ya hana, a ce ai ɗan kaɗan ne. Ta kurɓa don kada a ji haushi, kafin ta ajiye an sake cikawa. Wata guda tana fita tafiya kullum, da ta koma awo nas ta dubi takarda ta dube ta.

"Ama, tafiyar a mafarki kike yin ta?"

Maganar nan ta yi mata ciwo, don ta san gaskiya ce. Ta fito daga asibiti ranta a ɓace, ta ƙi jiran Yangden da ta je ɗauko mota, ta kama hanya da sandarta. Can sai ga wata ƙatuwar mota fara ta rage gudu ta tsaya. Dasho ne da kansa, shugaban ofishin su Chencho, mutumin da in ya shigo wuri kowa yake sunkuyar da kai. Ya gane ta, don ya je gaisuwar Ap Dago. Bai bari direba ya fita ba, shi ya sauko ya buɗe ƙofar baya.

"Aum, ga mota, shigo a kai ki."

Ta rusuna ta ce a'a. Ya sake, ta sake. Ya yi na uku, ta ce a'a. Dasho ya yi dariya irin ta manya, ya kamo gwiwar hannunta a hankali zai taimaka mata ta hau. Masu shaguna sun fito suna kallo, ana ta sha'awar tawali'un babban mutum. Bidha ta ji ƙafarta ta ɗaga da kanta za ta taka, kamar yadda ta saba shekara sittin. Sai ta mayar da ita ƙasa. Ta zare hannunta, ta sa ƙarshen sanda ta tura ƙofar motar ta rufe garam.

"Dasho, ƙafata ce ba ta da lafiya, ba bakina ba. Na ce a'a."

Ta wuce ta bar shi tsaye. Ta faɗa mini daga baya cewa da ya kira ta da ta dawo ta ba shi haƙuri. Bai kira ba. Ranar ce karon farko da ta isa choten da ƙafarta, awa ɗaya da rabi, ta zauna a kan dakali tana haki kamar wadda ta tsere wa kare.

Bayan kwana uku aka je gidan mahaifiyar Yangden. Aka cika mata kofi, ta ce ba ta sha. Aka matso da shi, ta ce ba ta sha. Da uwar gida ta ɗauko kofin ta danƙa mata a hannu, Bidha ta buɗe filas ta juye shi ciki a gaban baƙi, ta ce a ba ta ruwan zafi. Yangden ta tashi ta shiga kicin tana share ido.

Ranar Asabar da hantsi Chencho ya same ta tana ɗaura takalmi. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa ɗaga mata murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba, amma kunnuwansa sun yi ja.

"Ama, kin san abin da Dasho ya tambaye ni a gaban mutane? Wai motata ce ta lalace, ko akwai abin da zai taimaka da shi."

"Ka ce masa lafiyarta lau."

"Ana cewa na ɗauko uwata daga ƙauye na sake ta a titi. Surukata ta daina amsa gaisuwata. Me na rage ki da shi a gidan nan?"

"Ba ka rage ni da komai ba. Shi ne ciwon."

Ya zauna a gefen gado ya sassauta murya. Ya ce ya samo mafita. Akwai injin da ake sawa a ɗaki, mutum ya hau ya yi ta tafiya yadda yake so, ba rana, ba ƙura, ba idon mutane. Gobe ma zai sa a kawo.

"In yi ta tafiya ban je ko'ina ba? Ko alfadari ba zai yarda da wannan ba." Ta ja igiyar takalmi ta ƙulle. "Chencho, da kunnenka ka ji abin da matar nan ta ce. Kai fuskarka kake ji, ni ƙafata nake ji. In an yanke ta, Dasho ne zai ara mini tasa? Ubanka yana jiran fitila, ni kuma ba hoto zan sake aika masa ba."

Ta ɗauki sanda ta fita. Bai hana ta ba, amma ya yi kwana goma ba ya haɗa ido da ita.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Gwiwoyi suka kumbura. Damina ta sauka, ta zame a kan laka ta kwanta mako biyu, Chencho yana zirga-zirga da fuskar na-faɗa-miki. Ta tashi ta koma. Ta bar bin titi, ta koyi lungunan da karnukan gari suke bi, da matakalan siminti da ke tsakanin gidaje, har ta gano wata 'yar hanya da take haurawa cikin itatuwa a bayan unguwa. Shinkafa ta rage ta zuwa rabi, suja kofi ɗaya da safe, shi ma tana sha tana tsaki don ba ya isar ta. Labarinta ya zaga. Motoci suka daina tsayawa, wanda shi take so, amma gaisuwa ma ta ragu, wannan kuwa ba ta so ba. Matan da suka yi kiwo tare tun suna yara sukan gan ta a choten su juya fuska. Ya yi mata zafi ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce mini a ƙauye mutum yana yini shi kaɗai a kan dutse bai ji kaɗaici ba, sai ga shi a tsakiyar 'yan uwa tana jin sa.

Wata rana a wata na shida tana cikin haurawa ta ji wani abu yana sukar ta. Ta zauna ta cire takalmi, sai ga 'yar tsakuwa. Ta daɗe tana juya ta a tafin hannu tana dariya ita kaɗai. Ba duka ƙafar ce ta dawo ba, yatsu biyu har yau ba ta jin su, amma diddige ya farka.

Ranar addu'a ta zo da kaka, gari ya yi garau. Tun da safe lamomi, malaman addininmu, suka cika tsohon gidan ƙauye da karatu da ganguna, mata suna ta hidimar girki. Bidha ta ɗaura tulun man shanu a baya ta fito. A ƙofar gida ta tarar da Ap Nado, ƙanen mijinta, riƙe da doki an shimfiɗa masa darduma mai kyau. Chencho ne ya sa shi.

"Matar yaya, ga motarki," in ji Nado. "Wannan ba ta da ƙofa, balle ki rufe mata."

"Ashe labari ya zo har nan."

"Ya riga ki zuwa. Shi ai a mota ya taho."

Ta harare shi ta wuce. Chencho ya fito da sabon takalmin wasa fari tas, wanda ya saya musamman. Ya ce ba zai bar uwarsa ta hau dutse ita kaɗai a yi da shi ba, kuma dokin zai biyo su ko ta so ko ta ƙi. Ta ce hanya ba tata ba ce. Suka kama hawa, ita a gaba, Chencho a tsakiya, Nado da doki a baya.

Ba gudu take yi ba. Matar da take cinye dutsen nan a awa uku yanzu taku hamsin take yi ta tsaya, ta dogara sanda ta ja numfashi, ta sake hamsin. Sannu ba ta hana zuwa. A awar farko Chencho har labari yake ba Nado na ofis. A ta biyu labari ya ƙare. Bidha tana jin numfashinsa a bayanta yana ƙara nauyi, ba ta juya ba. Da suka kai babbar bishiyar da ake kira rabin hanya, inda ruwa yake fitowa daga dutse, sai ta ji ƙafafu sun daina bin ta. Ta waiwaya ta gan shi zaune dirshan a ƙasa, ya jingina da saiwa, riga ta jiƙe sharkaf, fuska ta yi fari, baki a buɗe.

"Tabɗi," in ji Nado. "Da na ce haihuwar guzuma za mu gani, ɗa kwance uwa kwance. Ashe uwar ma tana tsaye."

Bidha ba ta yi dariya ba. Ta dawo ta durƙusa da ƙyar, ta ɗebo ruwa ta shafa masa a goshi, ta sa hannu a ƙirjinsa tana jin yadda zuciya take dukan tara-tara. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Shekararsa talatin da tara. A shekarun nan ubansa yana saɓa ɗan maraƙi a wuya ya haura da shi wurin nan yana surutu.

"Ƙirjin yana ciwo?"

"A'a, Ama. Numfashi ne kawai. Ƙafafuna sun ƙi."

Ta zauna da shi har launin fuskarsa ya dawo, rana kuwa tana ta yin sama. Zuciyarta ɗaya tana cewa ta haƙura, wace uwa ce take barin ɗanta a kwance a daji? Ta dubi hanyar da ta rage, ta dubi Nado.

"Je ki," in ji Nado, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Ina nan da shi. Gajiya ce, na sha ganin irinta wurin 'yan birni."

Ta gyara igiyar tulu ta tafi. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta ci gaba ba.

Rabin na sama shi ne mugun. Itatuwa suka ƙare, iska ta yi sanyi, taku hamsin ya koma talatin, ya koma goma. Daga ƙarshe akwai matakala da aka sassaƙa a jikin dutse, kusan ɗari. A nan gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa sam. Ta soke sanda a ɗamara ta hau da hannu da gwiwa, tana zagin dutsen, tana zagin sukari, tana zagin Dago da ya rasa abin da zai roƙa sai wannan. Awa shida da rabi ta yi daga ƙofar gida. Tsohon mai tsaron wurin ya fito ya gan ta tana rarrafowa, ya matsa gefe ya buɗe mata ƙofa.

Ta narkar da man da kanta, ta murza lagwani, ta kunna. Sai da ta ƙyasta ashana uku kafin ta kama. Da wutar ta tsaya ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu.

"To, ga ni," ta ce. "Ban aiko kowa ba."

Sai kuka ya zo mata, ta bar shi ya fita. Da ya lafa ta ci gaba da magana da mijinta kamar yana gefe. Ta ce masa ɗansa yana can gindin bishiya ya kasa tashi. Ta tuna masa shekarar da suka zo nan da yaron a goye, suka kunna fitila suka roƙa masa aikin kujera, kada ya taka dutse kamar su, kada ƙafarsa ta san kaushi. "An amsa mana, Dago," ta ce. "Ka ga yadda aka amsa." Man da ya rage ta zuba a wata fitilar ta kunna wa Chencho.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ta yi ta a hankali da gefe da gefe. Rana ta karkata lokacin da ta hango bishiyar. Chencho ya farfaɗo, har ya ci abinci. Nado ya riga ya ɗora shi a kan dokin, yana zaune daram a kan darduma, farin takalmi yana reto, ana jiran ta a gangara. Da ya gan ta ya sunkuyar da kai.

"Ama, kin kai?"

"Na kai."

Ta ƙaraso tana ɗingishi, zaninta duk ƙasa, tafin hannu a kurje. Ta karɓi linzami daga hannun Nado ta riƙe.

"Sauka."

"Ama, gangara ce kawai, kuma ƙafafuna..."

"Na binne ubanka, Chencho. Ba zan binne ka ba. Sauka."

Nado ya buɗe baki zai sa baki, ta dube shi ya rufe. Chencho ya dubi uwarsa, ya dubi doguwar gangaren da ke gabansu har zuwa rufin gidajen ƙauye. Ya zaro ƙafa daga likkafa, ya dafa kafaɗarta, ya sauko.